Aikin anketer a ONG, mai binciken laifin ma'aikata: wa ya san shi?

Ƴar_Sura_Bildi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah wanda ya san aikin nan ya ɗan haska min. Wata ONG ce, ƙungiyar agaji mai zaman kanta, ta waje mai biro nan Maradi ta fidda sanarwa tana neman ƙaramin anketer, wato mai bincike in an kawo ƙarar ma'aikacinsu, cin kuɗi ko neman mata da kayan taimako ko cin zarafin abokin aiki da irin su. Na aje dosiye ba da wani sa rai ba sai ga shi sun kira ni gwajin rubutu da antretiyen, wato hirar ɗaukar aiki, sati mai zuwa. Lisans gare ni ta shari'a daga jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, bayan nan na yi ƴan kwantaragi na tattara bayanai da tablet a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarumfa, amma bincike irin wannan ban taɓa ba.

Abin da nake son sani, mi ƙaramin anketer yake yi kullum in ya zo biro, kuma mi suke tambaya wurin antretiyen? Sannan batun tsaro. Innarmu tunda ta ji ta ce ita ba ta son aikin tonon silili, wai wanda ka bincika yau gobe da shi za ku haɗu wurin suna ko gaisuwar mutuwa, kuma ni mace ce ban da aure tukun, mutane za su yi min kallon mai raba magidanta da abincinsu. Ni kuma ina son aikin gaskiya, ga zaman gida ya ishe ni. Ku ba ni shawara don girman Allah.

Tsohon Komtabul:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ba da sa'a. Ni ba anketer ba ne amma na daɗe ina aikin kuɗɗi cikin ONG, tun yunwar 2005 da ƙungiyoyi sunka cika Maradi, kuma an sha zama da ni, wani bi ina shaida wani bi ni ka hiddo musu takardu.

Hwarko ki cire ma ranki abin nan na fim. A abin da na gani dosiyen kuɗɗi da na kaya su ne sunka hi yawa, kuma su ne za a hwara ba ki tunda ke ce ƙarama. Takardu ne za ki zauna kansu har idonki ya yi ja. Misali esansi: ga karne ɗin mota inda direba ka rubuta kilometir na tashi da na dawowa, ga bon ɗin da anka sha mai da shi, ga takardar misiyo, wato izinin tahiyar aiki. Maradi zuwa Dakoro kowa ya san nisanta, mota kowa ya san abin da take sha, in kinka jera su ukun nan kinka ga motar da ke garaji ranar Laraba ta sha lita sittin ranar Laraba to kin samu bakin zare. Ko sayen kaya, ƙa'ida a nemo farashi wurin ƴan kasuwa uku, sai ki taras takardu uku, sunan shago uku, amma rubutun hannu guda, lambar waya guda, wani lokaci har kuskuren Faransancin guda ne a duka ukun. Nan za a ce ki duba lambar NIF ta kowane, wato lambar rajistar haraji, ki taka da ƙafarki ki ga shagon akwai shi ko babu, ki shiga kasuwa awa mai saye ki tambayi kuɗɗin tabarma ko bokiti ko buhun gero. Ko lis ɗin formasiyo, wato taron horo, mutum arba'in sun sa hannu sun amshi perdiyam, kuɗɗin halarta, jika biyat biyat, ki ɗauki waya ki kira su ɗai-ɗai, sai ki ji wani ya ce shi bai taɓa zuwa Tasawa ba ma a rayuwarshi. Da lis ɗin rabo mai sunan matattu ko dangwalen yatsa guda a gaban sunaye goma.

To amma ki riƙe wanga da kyau sabadda lalle za su tambaye ki: ke ba jandarma ba ce ba alƙali ba. Ba ki da ikon tsare kowa, ba ki amsar wayar mutum tashi ta kanshi, kwamfutar aiki ma sai da izni a rubuce kuma mai kula da na'urori shi ka kwaso abin da ke ciki. Ikonki ya tsaya ga waɗanda sunka sa hannu kan takardar ƙa'idojin ɗa'a ta ONG ɗin, ma'aikata da ƴan kwantaragi da masu aikin sa kai. In mai gari ne ke zabtare kason mutanenshi bayan an tashi rabo, wannan sai ki rubuta ki miƙa sama, ba ki kiranshi ki titse. Duk takardar da anka ba ki ki rubuta wa ya ba ki, yaushe, a ina, ki aje ta asali cikin kabad mai makulli ki yi aiki da kwafi. Wanda aka zarga shi ake ji daga ƙarshe bayan kin gama da takardu da shaidu, ku biyu za ku zauna da shi, babban anketer shina tambaya ke kina rubutu, a karanta mishi abin da ya hwaɗi ya sa hannu. Rahotonki iyakarshi ya ce abu kaza ya tabbata, kaza bai tabbata ba, ga hujja. Kora ko gargaɗi na shugabanni ne. Yaran da na ga sun yi saurin lalacewa a aikin ga su ne masu shigowa da zahin kai suna son su kama ɓarawo, tun kahin su buɗe dosiye sun yanke hukunci.

Tanti_Ali_Ɗan_Tsoho:
Ƙanwata barka. Baba Komtabul ya gama da ɓangaren kuɗi, ni bari in yi miki na ɗayan ɓangaren da ake ce ma PEAS, kare mutane daga lalata da cin zarafi daga hannun ma'aikatan agaji, don nan na yi aiki kuma nan ne ake buƙatar mace mai jin Hausa kamar ki. Ina ma zaton shi ya sa suka kira ki.

Ki san asalin abin don ba a rasa tambaya guda a kai. A 2002 HCR, hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyar Save the Children suka fidda rahoto kan sansanonin ƴan gudun hijira a Gine da Laberiya da Saliyo, aka gano ma'aikatan agaji suna lalata da ƴan mata a bakin abinci da tamfol da sabulu. Daga nan aka tsara ƙa'idoji shidda, Kofi Annan, babban sakatare na lokacin, ya fidda su a takardar doka ta Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba 2003, kuma kusan duk ONG da za ki shiga yau su ne ke cikin takardar da ake sa hannu. Ki haddace su. Manyan ciki: ba a kusantar wanda bai kai shekara 18 ba ko mi dokar ƙasar ta ce, kuma cewa ban san shekarunta ba ba uzuri ba ne, ba a musanya kuɗi ko aiki ko kaya da jikin mutum, wanda ya ji ko ya yi zargin abokin aikinsa dole ne ya kai rahoto ko da ba ONG ɗinsu ɗaya ba. Bayan nan abin kunyar lalata na ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam a Haiti ya fashe a 2018, sai na Kwango lokacin Ebola na 2018 zuwa 2020, inda kwamitin bincike mai zaman kansa ya fidda rahoto a Satumba 2021 ya ce mutum 83 ake zargi, 21 cikinsu ma'aikatan OMS, hukumar lafiya ta duniya, kuma yawanci da alkawarin ba da aiki aka yaudari matan. Ɗaya daga shugabannin kwamitin nan biyu tamu ce, Aishatu Mindaudu tsohuwar ministar harkokin waje, in kin ambace ta wurin antretiyen ba laifi.

Yanzu dawo Maradi. Tun 2019 mutane ke tsallakowa daga Zamfara da Sakkwato da Katsina saboda ƴan bindiga, da yawansu mata da yara, wasu an zaunar da su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, wasu suna raɓe gidajen mutane a ƙauyukan iyaka. Matar da aka kashe mijinta tana da ƴaƴa biyar, sunanta a lis shi ne abincinta, in mai rubuta lis ya ce ki same ni bayan isha'i kina ganin tana da bakin cewa a'a? Shi ya sa in wanda ake zargi ya ce ai da yardarta ne, maganar ba ta wanke shi. Sannan inda ya fi wuya wurinmu shi ne aure. Dokar farar hula ta Nijar ta sa shekarun auren mace 15, kuma kin san yadda ake aurar da yara a jiharmu, sai ma'aikaci ya ga yarinya a wurin rabo ya tura manya a kai goro a ɗaura, ya ce miki ni sunna na raya mi ye laifina. Dangin yarinyar ma murna suke sun samu suruki mai albashi. Ke kuma takardar da ya sa ma hannu ta ce 18. Za ki zauna gaban dattijo sa'an babanki ki yi masa tambayoyin nan, cikin ladabi, ba tare da kin shiga gardamar addini da shi ba don ba ita ta kawo ki ba.

Yadda ake zama da matar da abin ya shafa kuwa, nan ne mutum ke nuna ko ya iya. Kafin tambaya ko ɗaya sai an duba lafiyarta, in fyaɗe ne akwai maganin kariya daga sida da dole a fara cikin awa 72, wannan ba ya jiran bincike kuma ba ya jiran ta yarda ta ba da shaida. Ba a zuwa ƙofar gidanta da farar mota mai tambari, kafin ki juya duk ƙauyen ya sani, miji ko kawu ya sani, wataƙila a kore ta ko a daina neman ƙannenta da aure. Ita za ta zaɓi wuri da lokaci da wadda za ta rako ta, sau da yawa likita ya fi don kowace mace tana da dalilin zuwa awo ko kai yaro. Ki gaya mata tun farko wa da wa za su ga maganarta, kuma tana iya tsayawa duk sanda ta so. Kar ki yi mata alkawarin za a kore shi, ba a hannunki yake ba. Kar ki ce mi ya kai ki ɗakinsa, mi ya hana ki ihu. Ki ce ba ni labari daga farko yadda kika tuna, ki yi shiru. Shirun zai yi tsawo, ki bar shi. Matanmu ba sa kiran abu da sunansa, za ta ce ya neme ni, ya ɓata ni, ya yi min abin da ya yi, ke kuma rahoto da Faransanci za ki rubuta kuma wanda zai karanta a Yamai ko Turai yana son ya san takamaimai mi ya faru, to sai ki bi a hankali ki ce da kika ce ya neme ki, mi ya yi, mi ya ce, ba ke za ki sa mata kalma a baki ba. Ki rubuta maganarta da Hausa yadda ta fito sannan ki sa ma'anar a ƙasa. Anketer da aka turo daga waje da tafinta namiji ba ya samun rabin wannan.

Sabon shiga ba a barinsa ya ja irin hirar nan shi kaɗai, rubutu za ki fara yi. In suka ce daga zuwa ke za ki riƙe dosiyen fyaɗe ke ɗaya ba horo, wannan ONG ɗin ba ta san abin da take ba.

Direba_Bagalam:
Ku yi haƙuri hajiya amma ni abin ga duk hoto ne don masu ba da kuɗɗi su gani. Mu da ke tuƙa su mun san komi, mun san otel ɗin da ake tsayawa mun san wadda ake ɗaukowa, amma wa anka taɓa kora? Direba, gardi, mai rubuta lis a ƙauye. Lita ashirin ta ɓace an tara mutane an yi ma tambaya awa ka kashe rai, shi kuma babba da ya ci kwangilar gina rijiyoyi da ƙanen matarshi sai ka ji wai ya aje aiki don kanshi, wata uku ka ganai a wata ONG ɗin da mota sabuwa. Akwatin ƙorahi da ake kafawa wurin rabo na taɓa aiki inda makullinshi ke aljihun shef ɗin da ake kuka da shi, kuma matan da ake so su rubuta ƙorahin ba su yi lakkwal ba to da mi za su rubuta. Ƙanwata ki amshi aikinki albashi ne halal amma ki sani ƙanana za a riƙa turo miki.

Maitre_Gobir:
Malam direba ba ƙarya ka yi ba, ana yin haka, musamman inda anketer yake ƙarƙashin shef ɗin biro ɗin da zai bincika. Amma abin ya ɗan canja. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da rumbun sunaye ClearCheck tun 2018, wanda aka kora kan lalata ko ya gudu ana cikin bincikensa sunansa na shiga, hukumominsu na dubawa kafin su ɗauki mutum. Manyan ONG ma tun 2019 suna da tsarin tambayar juna, sabon wurin aiki ya rubuta ma tsohon ya ce wannan an taɓa kama shi da laifin lalata? Gibin da ke ciki, na lalata ne kawai ban da cin kuɗi, kuma ba kowace ONG ta shiga ba balle ƙananan namu na gida.

Ƙanwata tunda shari'a kika karanta ga inda za su gwada ki. Wannan binciken cikin gida ne, ba na kotun laifi ba, don haka ma'aunin hujja ya bambanta. Yawancin ONG abin da suke nema shi ne wane ɓangare ya fi rinjaye, abin ya fi kusa da ya faru ko bai faru ba. Hukumomin Majalisar su in kora ce suna neman hujja mai ƙarfi bayyananna fiye da haka. Kuma bai tabbata ba daban yake da ƙarya aka yi masa, kar ki haɗa su a rahoto. Ƙarar sharri ma akwai ta, mutum biyu na neman kujera ɗaya ko an hana wani kwangila sai ga wasiƙa ba suna, shi ya sa wanda ake zargi yana da haƙƙi a gaya masa abin da ake tuhumarsa, a ji nasa, ya kawo shaidunsa, kuma a rufa masa asiri har a gama. Ki sake karanta dokar aiki ta 2012, wurin babban laifi da ke sa kora ba sanarwa, don in an kori mutum da rahoto mai rauni inspeksiyon aiki, ofishin gwamnati mai duba rikicin ma'aikata, zai nufa daga nan kotu, ONG ta biya diyya, kuma rahotonki ne za a baza kan tebur. In abin ya kai laifin da doka ke hukuntawa kamar fyaɗe, batun kai shi ga prokirer, mai gabatar da ƙara na gwamnati, ba ke kaɗai za ki yanke ba, ana duba ra'ayin matar da tsaronta, in yarinya ce ƙarama kuma akwai hanyar da aka tsara. Gwajin rubutun yawanci labari ne za a ba ki, an samu ƙara kaza, tsara yadda za ki bi. Ki fara da tsaron mai ƙara da adana hujja kafin a goge ta, ki sa wanda ake zargi a ƙarshe.

Ƴar_Sura_Bildi:
Kai na gode ƙwarai Baba, Tanti, Maitre, har da yaya direba, Allah saka da alheri. Na fara neman ƙa'idoji shiddan nan. Saura maganar Inna da ba wanda ya taɓa sosai. In dosiye ya faɗo kan wanda na sani fa? Don ONG ɗin nan akwai mijin ƴar ƙanwar babana a lojistik ɗinsu, ban ce ya yi komi ba amma in ta faru ya zan yi, kuma in faɗa musu tun yanzu ko in yi shiru kar su ƙi ɗauka ta?

Tanti_Ali_Ɗan_Tsoho:
Ki faɗa tun wurin antretiyen, da bakinki, kafin su tambaya. Ba ya hana a ɗauke ki, Maradi ba wanda za su samu da ba shi da kowa. Akwai takardar da ake cikawa ta dangantaka, ki sa shi, kuma duk dosiyen da ya taɓa lojistik ki ce a ba wani, ko sunan fayil ɗin kar ki buɗe. In kika ɓoye daga baya aka gano, ke ce za ki koma wadda ake bincike, kuma duk rahoton da kika taɓa sa ma hannu sai a sa masa alamar tambaya.

Innarku ta san garinta. Ba barazana aka fi yi ba, gaisuwa ake zuwa. Za a zo gidanku bayan magariba da dattijo ko malamin unguwa, ba ke za a nema ba ita za a nema, a ce hajiya yaron nan marayu yake riƙo, a duba zumunci a rufa asiri, wataƙila a bar turmin atamfa a tafi. Don haka tun yanzu ki zauna da ita ki ce Inna ba zan riƙa gaya miki komi na aiki ba, duk wanda ya zo ki ce ba ki san komi ba kuma gaskiya kika faɗa, abin da aka kawo kar a taɓa. Washegari ki mayar, ki rubuta ma shugabanki wa ya zo mi ya ce. Wayar aiki daban, ba a tura hoton takarda ta WhatsApp, ba a hirar dosiye cikin mota ko da direban mutumin kirki ne, yi haƙuri ɗan Bagalam.

Ke ma in sun ce kina da tambaya ki yi musu. Wa zan riƙa ba rahoto, shef ɗin nan Maradi ko sashen bincike na Yamai ko hedkwata? In shef ɗin nan ne, maganar direba ta tabbata a kanki. Wane horo za a ba ni kafin dosiye na farko, akwai mai matakai na CHS Alliance, wata haɗakar ƙungiyoyin agaji, da ONG da yawa ke tura anketer ɗinsu, za ku biya min? In aka yi min barazana mi kuka tanada? Akwai wanda anketer ke zuwa ya yi magana da shi in abin da ya ji ya hana shi barci, don zai hana. Sannan kwantaragin wata nawa ne kuma kuɗin wa ke biyansa, tunda Amurka ta yanke tallafinta a farkon 2025 wurare da yawa an rage ma'aikata, gara ki sani kafin ki sa hannu. Ranar gwajin ki je da katin ɗan ƙasa da kwafin diplom, wasu suna neman kaziye judisiyer, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, da bai wuce wata uku ba, ki je kotu ki nema tun gobe don ba kullum yake fita rana ɗaya ba.